Zinare Biyar a Hannu, Ta Koma Aji

Ɗana, 'yata, ku da Allah ya ba wata baiwa har aka fara tafa muku, ku matso in ba ku labarin Katie Ledecky, gwanar ninƙayar nan ta Amurka. Shekarunta na jami'a nake so ku duba.

Tana 'yar shekara 15 ta ci zinaren mita 800 a gasar Olamfik ta Landan, a 2012. A Rio, a 2016, ta ƙara zinare huɗu da azurfa ɗaya. Kamfanonin kayan wasa kuwa ga su nan da kuɗinsu suna jira. To amma a wancan lokaci dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana ɗan wasan jami'a karɓar kuɗin talla. Sai a 2021 aka sassauta ta. Makonni kaɗan bayan Rio, yarinyar nan ta tattara kayanta ta nufi Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, ta shiga ajin farko kamar kowane sabon ɗalibi, ta bar kuɗin a inda suke.

Na san abin da za ku ce: gidansu ba a neman na tuwo. Gaskiya ne, kuma ba zan haɗa ta da wanda uwa da ƙanne ke jiran abin da zai kawo ba. Amma 'ya'yan masu hali nawa ne suna ya ruɗa tun ba su kai rabinta ba?

Abin da ya fi burge ni shi ne zamanta cikin ƙungiya. Rabon matan Stanford da kofin NCAA tun 1998. A ƙarƙashin koci Greg Meehan, tare da Simone Manuel, baƙar fatar Amurka ta farko cikin mata da ta ci zinaren Olamfik ita kaɗai a ninƙaya, suka ɗauko shi a 2017, suka sake a 2018. Kada ku zaci ba ta sha kaye ba. A 2017, a tseren yadi 200, Mallory Comerford ta Jami'ar Louisville ta yi kunnen doki da ita. A 2018 ta shiga tseren yadi 400 mai haɗa salon iyo huɗu, wanda ba nan ƙarfinta yake ba, abokiyar ƙungiyarta Ella Eastin ta wuce ta. Makin na farko da na biyu duk Stanford suka tafi. Wani cikinku da ya ci ƙwallo biyu a gasar unguwa, koci bai isa ya sauya masa lamba ba tare da ya yi fushi ya bar atisaye ba.

Kambun NCAA takwas ta tara cikin shekara biyu. A Maris 2018 ta zama ƙwararriya mai karɓar kuɗi, daga baya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin kayan wasa na TYR. Ko da kuɗin suka zo ba ta ajiye littafi ba, sai da ta kammala digirinta a ilimin halayyar ɗan Adam. Ruwan ma bai gudu ba: bayan Tokyo da Paris ta 2024, lambobinta na Olamfik sun kai 14, tara daga ciki zinare, babu macen Amurka da ta kai haka.

Saboda haka, idan wani dillali ya zo muku da alkawarin gwaji a Turai, ya ce makaranta ɓata lokaci ce, kada ku ba shi amsa a ranar. Ku kai maganar gida, ku nemi takarda a rubuce, ku tambaye shi wa zai ɗauki nauyinku in gwiwa ta goce. Ku kuma iyaye, in an kawo muku maganar, ku fara tambayar a wane aji yaron yake. Allah ya yi muku albarka.