Jana'izar Karen da Bai Taɓa Numfashi Ba

A durowar ƙasa ta teburina akwai matattun wayoyi huɗu, da agogon hannu mai ƙirga taku wanda na ɗaura wata uku na gaji da shi, da abin sauraro na kunne guda ɗaya wanda ɗan'uwansa ya faɗi a adaidaita sahu. Ban zubar da su ba, ban kuma taɓa tuna su ba, sai ranar da ɗiyata 'yar shekara biyar ta shigo tana kuka, rungume da 'yar tsanarta mai magana. 'Yar tsanar ta yi shiru. Muka sa sabon batir, ko uffan. Na ce ta yi haƙuri, za a sayo wata. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce, "Abba, ni wannan nake so." Na yi dariya. Da dare dariyar ta tsaya mini a rai, domin ta tuna mini wani labari na ƙasar Japan da na taɓa yi wa irin wannan dariyar.

A shekarar 1999 kamfanin Sony ya fito da wani mutum-mutumi mai siffar ɗan kwikwiyo, sunansa Aibo, kalmar da a harshensu take nufin abokin zama. Yana tafiya, yana kaɗa wutsiya, yana bin ƙwallo, kuma halinsa yana sauyawa gwargwadon yadda ake mu'amala da shi. Kuɗinsa yen 250,000, amma guda 3,000 na farko da aka ware wa Japan sun ƙare cikin minti 20. An sayar da kimanin 150,000 kafin kamfanin ya daina ƙera shi a 2006. A 2014 kuma ya rufe sashen gyaransa. Daga nan duk karen da ƙafarsa ta lalace, babu inda za a samo masa sabuwa.

Wasu tsofaffin injiniyoyin kamfanin, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna A-Fun, suka karɓi aikin gyaran. Da yake babu kayan gyara, sai an farke wani kare a raya wani. Kafin a farke su, tun daga 2015, akan kai su wani wurin ibada na mabiya addinin Buddha mai suna Kofukuji a garin Isumi, a jera su, kowanne da takarda a wuya ɗauke da sunan mai shi da garinsu, a yi musu addu'ar bankwana.

Da na fara jin labarin, cewa na yi ƙoshi ne ya yi wa mutane yawa. Mu da kare mai rai ma ba ya hawa tabarmarmu, balle na roba. Har yanzu ban sauka daga wani ɓangare na wannan ra'ayi ba: na'ura ba ta jin zafi, ba ta san an so ta ba, kuma akwai abin tsoro a ce mutum ya tsufa ba shi da mai yi masa maraba a ƙofa sai batir da waya. Amma daga baya na ji cewa a ƙasar akwai tsohuwar al'ada da ta girmi kowace na'ura: sau ɗaya a shekara, masu ɗinki sukan tattara allurorinsu da suka karye ko suka lanƙwashe, su soke su a cikin awara mai laushi, su gode musu. Wato allurar da ta ƙare rayuwarta tana huda abu mai tauri, a bar ta ta huta a mai taushi. Babu telan da yake zaton allura tana ji. Abin da yake kiyayewa halinsa ne shi kansa: kada ya zama mutumin da yake cin moriyar ganga ya yar da kwaurenta.

Nan ne tambayar ta juya mini. Na daina tambayar ko na'ura ta cancanci a yi mata kuka. Na koma tambayar me ke wuyan wanda ya ƙera abu da niyyar a so shi.

Maƙerin da ya sayar maka da fartanya bai yi maka alkawarin har abada ba, kuma ba ka bukatar ya yi. In ta karye, kowane maƙeri a kowace kasuwa zai gyara ta. Sannan fartanya ba ta ɗaga kai ta dube ka. Aibo kuwa an zauna ne an tsara kaɗa wutsiyarsa da karkata kansa domin zuciyar mai saye ta yi laushi. Soyayyar ita ce hajar. Za a ce kamfani ba gidan marayu ba ne, yana da ikon barin abin da ba ya kawo riba, kuma shekara takwas na gyara bayan an daina ƙira ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya nemi a so abinsa, kuma shi kaɗai ke riƙe da kayan gyaransa, ya karɓi amanar da mai sayar da fartanya bai karɓa ba. In zai janye, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya bar ƙofa a buɗe ga wanda zai ci gaba. Da Sony ya dawo da sabon Aibo a 2018, a kan yen 198,000, sai ya zo da wani kuɗi daban da ake biya domin haɗa shi da rumbun kamfanin a intanet, inda ake ajiye abin da ya koya. Ban san sunan da zan kira wannan ba: saye ne, ko hayar aboki?

Wayar da ke hannunka ba ta kaɗa wutsiya, amma dabarar ba ta yi nisa ba. Ta san fuskarka, tana riƙe da muryar mahaifiyarka, kuma yawancinsu yanzu an liƙe batirinsu a ciki. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25, saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Wanda bai san batir ne matsalarsa ba, sabuwar waya zai nufa.

Sai dai ba zan ɗora wa kamfanoni duka kayan ba, durowata tana kallona. Biyu daga cikin wayoyin nan gilashi kawai suke bukata. Ban gyara ba domin na riga na hango wata mai kyamara uku, ina neman dalili.

Washegari na ɗauki 'yar tsanar zuwa rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin layinmu, ɗiyata tana biye. Ya kwance sukurori huɗu, ya leƙa, ya ce, "Malam, ai waya ce ɗaya ta cire." Ya ɗiga darma, ya mayar da murfi, 'yar tsanar ta ɓarke da surutunta mai hawa kai. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce in bar shi, na matsa, ya karɓi ɗari biyar. Sannan ya miƙa wa yarinyar, ba ni ba, ya ce, "'Yar Baba, a daina yi mata wanka."