Abin da Wuta Ba Ta Ci

Ɗan'uwa cikin Ubangiji, kafin ka ci gaba da karatu ka yi wa kanka wannan tambaya: da a ce yau da dare an raba ka da Littafi Mai Tsarki, babu na takarda, babu na cikin waya, me zai rage a bakinka gobe da safe?

Tambayar ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da Kwarhi, inda hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take. Fastoci da ɗalibai da iyalansu suka bazu cikin jeji da kan duwatsu, waɗansu suka haye Kamaru. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman littafi. Ka zana abin a zuciyarka: mutum goma a gindin dutse, safiyar Lahadi ta yi. Wani ya fara Zabura 23, ya kai aya ta uku ya tsaya cik. Wata tsohuwa ta Zumuntar Mata, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta ɗauka daga nan. Yaron makarantar Lahadi ya ƙarasa. Babu ɗayansu da ke da zaburar duka, amma taron yana da ita.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na daɗe ina faɗinsa: hadda aikin yara ne, aku ma yana hadda, Allah kuwa zuciya yake dubawa. Maganar tana da gaskiya a ciki, har ma ta fi yadda kake zato nauyi. A Matiyu sura 4, sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, da Zabura 91 ya jarabce shi. Ya haddace ta sarai. Ashe mutum zai iya cika bakinsa da nassi, ya kuma yi wa Allah tawaye da nassin nan. Amma ka lura da amsar Ubangijinmu. Bai ce tun da maƙiyi ya iya hadda gara a bar ta ba. Sau uku ya amsa, duka ukun daga Maimaitawar Shari'a, sura 6 da sura 8, bayan azumin kwana arba'in, a jejin da babu wanda zai miƙo masa littafi. Su biyun sun san kalmomin. Ɗaya ya ɗauki Maganar domin ta yi masa aiki, ɗayan ya miƙa mata wuya.

Tsakanin hadda da miƙa wuya akwai wani aiki, shi ne bimbini. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a Zabura 1 da Joshuwa sura 1 tana nufin maimaita magana ƙasa-ƙasa, leɓuna suna motsi. Da ita Ishaya ya kwatanta kukan kurciya da gurnanin zaki a kan abin da ya kama. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da garke ya ga irinsa. Saniya takan yi kiwo da sauri da rana, sai dare ya yi ta kwanta ta dawo da ciyawar tana tuƙa a hankali. Hadda ita ce kiwon. Wanda bai yi kiwo ba, ba shi da abin tuƙa. Wanda kuma ya yi kiwo bai tuƙa ba, kumburin ciki ne rabonsa.

To, me ya sa sai tare? Ba zan iya yin wannan a ɗakina ba?

Za ka iya, ya kuma kamata ka yi. Sai dai a ɗakinka kai ne mai zaɓen aya, kai ne kuma mai fassara ta, zuciya kuwa ta iya zaɓe. Kowannenmu yana da ayoyin alkawari biyar ko shida da yake ƙauna, ba safai ake samun mai haddace ayar da ke tsauta masa ba. Lambobin ayoyi ma, da suka sauƙaƙa mana bincike, sun sauƙaƙa mana yankan magana. Sai a 1551 aka buga Sabon Alkawari da lambobin da muke amfani da su yau. Kolosiyawa ba su karɓi aya ɗaya a kan takarda ba. An karanta musu wasiƙar Bulus a gaban taro daga fari har ƙarshe, ya kuma umarta a kai ta Lawudikiya a karanta a can. Haka a Nehemiya sura 8: Ezra ya yi karatu tun daga safe har tsakar rana, Lawiyawa suna bayyana wa jama'a ma'anar. Mutane suka yi kuka, aka ce musu su je su ci su sha, su aika wa wanda ba shi da komai. Karatun ya ƙare ne a akushin maƙwabci.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Akwai nassi guda da kusan dukanmu muka haddace, wato Addu'ar Ubangiji. A cikinta mukan roƙi Allah ya gafarta mana daidai da yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. A ɗakinka kana iya wuce wurin nan da gudu, babu mai ji. A majami'a kuwa, mutumin da kuka yi rikicin iyakar gona yana benci na uku a bayanka, kana jin muryarsa, yana jin taka. Matar da ta ci bashin adashe ba ta biya ba tana tsaye kusa da wadda ta bi ta har gida da zagi. Mun fito daga kabilu dabam-dabam, harshen Hausa ya tara mu tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinsa a 1932, sai ga shi da baki ɗaya muna faɗin maganar da ke kama kowa da laifinsa. Ban san wa'azin da ya kai wannan kaifi ba. Watakila shi ya sa muke karanta addu'ar da saurin da ba ya barin kowa ya ji abin da yake faɗa.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan zaunar da yaro shekaru a gaban allo har ya haddace littafinsu duka. Mu kuwa mun bar ayar haddacewa ga 'yan makarantar Lahadi, muna tafa musu ranar Kirsimeti, mu iyayen ba mu iya ba.

Kada mu fara da Zabura 119 mai ayoyi 176. Zabura 121 ayoyi takwas ce kawai. Ikkilisiya za ta iya ɗaukar biyu kowane mako, dattawa su fara tashi su faɗa kafin yara, mai iya karatu ya maimaita wa wanda bai iya ba a hanyar gona ko wajen daka. Bayan an faɗa, a yi shiru kaɗan, sa'an nan wani ya gaya wa taro inda ayar ta same shi cikin makon. Cikin wata ɗaya an gama, sai a koma Matiyu sura 6, a ɗauki addu'ar tare da ayoyi biyun da ke biye da ita.