Sabulun Da Ba A Yi Wa Godiya

Duk wadda ta san Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta san mutanen cikinta ba sa wasa da lissafi. Mai shagon atamfa yana biyan kuɗin gadi duk wata ko da ɓarawo bai taɓa leƙo shi ba, kuma ba ya kiran wannan asara. To me ya sa kuɗin sabulu da safar hannu da ruwan famfo a asibiti muke ganinsu kamar ƙarin kashe kuɗi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, kimanin 15 na ɗaukar wata cutar daban a cikin asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka yana rasa ransa. Ki duba fa, mace ta je haihuwa lafiya lau, an yi mata tiyata, sai ɗinki ya ruɓe. Kwana biyar ya koma wata guda. Ga kuɗin gado, ga allurai masu tsada, miji ya rufe shago, jarin adashi ya narke. Sabulu nawa wannan kuɗin zai saya?

Abin ba sabo ba ne. A 1847 wani likita a birnin Biyana, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu jego, nan take mace-macen suka ragu ƙwarai. A 2014 kuma, da Ebola ta shigo Legas, Dakta Stella Adadevoh ta hana majinyacin da ya shigo da ita barin asibiti. Ita kanta cutar ta yi ajalinta, amma mutum 8 kawai aka rasa a Najeriya.

Wata za ta ce, ai rai ba kayan kasuwa ba ne, yaya za a yi masa lissafi? Gaskiya ne. Sai dai kuɗin asibiti amana ne, kuma ba shi da yawa. Wanda ya kashe shi a inda zai ceci mutum ɗaya, alhali da an sa shi a rigakafi zai ceci goma, za a tambaye shi sauran taran. Wata kuma ta ce komai ƙaddara ce. Haka ne, amma Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu.

A ganina matsalar tana cikin zuciya. Rigakafi ba ya nuna kansa. Matar da ta fita asibiti lafiya ba ta san wace ma'aikaciyar jinya ce ta wanke hannu dominta ba, balle ta gode mata. Gini kuwa ana yanka masa kyalle, a kafa allo da sunan mai bayarwa. Shi ya sa kuɗi ke gudu wajen abin da ido ke gani. Ashe tsaftar asibiti jarrabawar ikhlasi ce, aikin da Allah kaɗai ke ganinsa.

Mu mata muna da kaso babba a nan, domin mu ne masu zaman jinya. Mu ke wanke kwano, mu zubar da fo, mu ba da abinci a baki. Mu ne kuma masu cika ɗaki wajen dubiya, jariri ya zaga hannu ashirin kafin cibiyarsa ta faɗi. Dubiya sunna ce, amma ki wanke hannu da sabulu kafin ki karɓi jaririn, in kina mura ki yi addu'a daga nesa. Ki duba a buɗe sabon sirinji a gabanki. In ƙungiyarku za ta kai ziyara asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, ku haɗa da katan na sabulu da bokiti mai famfo, kada ku tsaya a lemo da biskit.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin.