Ga Ma'abota Kwamfuta Da Suka Binne Iyayensu



A cikin Ikkilisiyarmu akwai maza da mata waɗanda suka ba da ƙuruciyarsu ga kwamfuta. Suna matasa sa'ad da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, suka yi ta raba dare suna koyon sarrafa ta. Yau furfura ta fito musu, sai da tabarau suke karatu, da yawansu kuma sun riga sun raka uba ko uwa kabari. Da su nake magana, amma kowa ya kasa kunne.

Sana'ar nan tana koya wa mutum hali guda: kowace matsala tana da dalili, in an gano dalilin sai a gyara. In na'ura ta ƙi, a kashe ta a sake kunnawa. Halin nan yana da kyau a wurin aiki, amma ranar makoki yakan zama kaya mai nauyi. Mutum ya kwana yana bincike a ransa, yana cewa da an kai Baba asibiti da wuri, da an canza magani, sai ka ce mutuwa kuskure ce da ya kasa ganowa. Ɗan'uwa, sauke wannan kaya. Ba a hannunka aka sa kwanakin mahaifinka ba.

Waɗansu kuma sukan tara hotuna da muryoyin mamacin su adana. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai kun fi ni sanin ƙarshen irin wannan ajiya. Kamfanin Sony ya daina yin faifan fulofi a 2011, kuma a yau samun na'urar da za ta karanta shi aiki ne.

Ku dubi Waliyyi Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, mai kaifin hankali da son bin diddigin kome. Mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya, kusa da Roma, a shekara ta 387, tana da shekara 56, shi kuma 33. Ya danne hawayensa a wurin jana'iza, sai da ya keɓe shi kaɗai ya yi kuka a gaban Allah. Kafin ta cika, Monika ta gaya wa 'ya'yanta kada su damu da inda za a binne ta, abin da ta roƙa kawai su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Agustin ya ƙara shekara fiye da 40 a duniya, ya zama Bishop na Hippo, har ya roƙi masu karanta littafinsa su sa iyayensa a addu'a.

Yanzu ku ne manya. Dā ku kuke gyara wa iyayenku waya, kuna ƙosawa in sun sake tambaya. Ga shi yaran gida sun fara nuna muku abin da ba ku sani ba. Ku karɓa da tawali'u, ku kuma koya musu abin da kuka sani tun da sauran ƙarfi.

Ranar 2 ga Nuwamba Ikkilisiya take tunawa da dukan masu bi da suka rasu. Ku rubuta sunayen iyayenku a takarda, ku miƙa wa katekis ko Fada kafin ranar, domin a sa su cikin addu'ar Misa.