Ginin da aikinsa ya mutu, a rushe shi ko a bar shi?

A birnin Melbon na Ostareliya, daga 1885 zuwa 1940, akwai motocin dogo da ake kira taram, waɗanda ba su da inji a jikinsu. Igiyar ƙarfe ce ke gudu ƙarƙashin titi, manyan injunan tururi na jan ta daga wasu gidaje na jan bulo. Direba yana da wani hannun ƙarfe da ke shiga wata tsaga a tsakiyar dogon: in ya damƙi igiya mota ta tafi, in ya saki ya ja birki ta tsaya. Da lantarki da bas suka karɓe aikin, sai aka tsai da igiyar.

Wasu gidajen injin suna nan har yau, kamar na mahaɗar titin Nicholson da Gertrude. Wasu an rushe, wani kuma ya koma gidan kwana. To, ƴan uwa, ga tambayata: in an kwashe injin, an zuba gadaje da kujeru, mi aka adana? Wani zai ce yaudara ce, ɓawon gujiya ne ba ƙwaya.

Ni ban yarda ba, kuma karatun harshe ne ya sa. Ku dubi "jika" da muke faɗa kullum a kasuwar Maraɗi. Asalinta jakar kuɗi ce. Jakar ta tafi, kalmar ta samu sabon aiki, shi ya sa ba ta mutu ba. Yaron da ke sayar da kati bai san wannan tarihi ba, amma duk ranar da ya tambaya, zaren yana nan da za a ja. Gini ma haka yake. In an rushe shi, wa zai tambaya?

Sai dai fa bango bai riƙe komi da komi ba. Direban nan ya san inda zai saki igiya in ta haɗu da wata, ya bar mota ta wuce da sauran gudunta, kana ya sake damƙa. Wannan sani a hannu yake, ba a bulo ba. Mun iya kare dukiyar masu kamfani, ƙwarewar ma'aikaci kuwa sai ta bi shi kabari. Abin da ke damuna ke nan, kuma ban ga dokar adana kayan tarihi da za ta iya maganinsa ba.