Adaftar da ta Ƙi Aiki da Matsalar Gano Sababi

Kwamfutar tebur sau da yawa ba ta zuwa da abin kama intanet ta iska, shi ya sa ake saya mata adafta, wato 'yar na'ura mai kama da filas wadda ake sokawa a ramin USB domin ta sada kwamfutar da rauta, na'urar da ke watsa intanet a gida ko ofis. Idan adaftar ta ƙi aiki, ko ta riƙa kamawa tana saki, mai gyara yakan tsinci kansa gaban tambayar da ta daɗe tana wahalar da masana falsafa da malaman usulul fiƙhi, wato ta yaya ake tantance sababin wani abu daga cikin abubuwa da yawa da suka zo tare da shi.

Tushen wahalar shi ne ba a iya gwada adafta ita kaɗai. Ba ta aiki sai da direba, wato manhajar da ke isar da umarnin kwamfuta ga na'urar. Ba ta aiki sai ramin ya ba ta isasshiyar wuta, wadda a ma'aunin USB 2.0 iyakarta miliamfiya 500 ce. Kuma Windows na iya katse mata wutar da gangan domin tsimi. Masanin kimiyya na Faransa, Pierre Duhem, ya nuna a littafinsa na 1906 cewa gwaji ba ya hukunta zato guda shi kaɗai, tarin zatuttuka yake hukuntawa a dunƙule, don haka gazawar gwaji tana sanar da cewa akwai ɓaraka ba tare da ta nuna gurbinta ba. Ko sunan da ke jikin kwali ba abin dogaro ba ne, domin adaftar TP-Link samfurin TL-WN722N ta fara fitowa da ƙwayar lantarki ta Atheros, daga baya aka koma ta Realtek ba tare da an sauya sunan samfurin ba, ta yadda direban da ya dace da fitowar farko ba ya yi wa ta biyu amfani.

Hanyar da gwanin gyara ke bi, ko da bai san sunanta ba, ita ce wadda malaman usulu ke kira sabru da taƙsimi: a jero duk siffofin da za su iya zama illar hukunci, wato dalilinsa, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da waɗanda ba su cancanta ba, har a tsaya kan wadda ta rage. Yakan cire adaftar ya soka ta a wata kwamfuta, ya sauya mata rami, ya duba ko wayar hannu tana kama rautar daga wuri guda, ya leƙa jerin na'urori na Windows ko akwai alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Sharaɗin kowane mataki shi ne a sauya abu ɗaya tak a bar sauran yadda suke, ƙa'idar da John Stuart Mill ya tsara a 1843 da sunan hanyar bambanci.

Sai dai malaman usulu da kansu sun lura cewa ƙarfin wannan hanya ba ya wuce cikar jerin da aka fara da shi, kuma a nan ne adafta ke ba da misali mai ɗaure kai. A 2012 kamfanin Intel ya fitar da rahoto da ya nuna cewa ramuka da wayoyin USB 3.0, yayin da bayanai ke bi ta cikinsu, suna fitar da hayaniyar lantarki wadda ke faɗawa kan zangon gigahaz 2.4, zangon da adaftoci masu yawa ke amfani da shi. Ke nan ana iya samun adafta lafiyayya, rami lafiyayye, direba daidai, rauta tana aiki, amma intanet na yankewa saboda kawai an soka ma'ajiyar bayanai ta waje a ramin da ke maƙwabtaka da ita, ko kuwa saboda adaftar tana bayan akwatin kwamfutar na ƙarfe wanda aka manna da bango. Kowane sashe zai tsallake gwajinsa, domin aibin yana cikin kusancin abubuwa biyu marasa aibi, kuma kusanci ba ya cikin abin da mutum ke tunawa ya jera. Maganin yakan zama wayar ƙari ta mita guda wadda za ta ɗora adaftar a kan tebur. Wanda ya ɗauka cewa kowace matsala tana da ɓangare guda mai laifi zai sayi sabuwar adafta, ya soka ta a ramin nan dai, ya sake ganin abin da ya gani.

Akwai kuma ruɗin da ya fi wannan yawa, wato ɗaukar warkewa a matsayin bayani. Mai gyara ya sabunta direba, ya kashe kwamfuta ya kunna, ya sauya rami, intanet ya dawo, sai ya ce direba ne. Imam Gazali, a muhawararsa da masana falsafa cikin Tahafutul Falasifa, ya kafa hujja da misalin wuta da auduga cewa ido yana ganin ƙonewa ne a lokacin haɗuwarsu, ba ya ganin cewa wutar ce ta aikata, abin da Ibn Rushd ya mayar wa martani da cewa musun sababi rushe ilimi ne baki ɗaya. Mai gyara ba ya buƙatar raba wannan gardama, domin abin da yake nema bai wuce abin da malaman tauhidi irin su Sanusi, wanda ake karanta Ummul Barahina tasa a zaurukan ƙasar Hausa, suka kira hukuncin al'ada ba: alaƙar da maimaituwa ta tabbatar tsakanin abu biyu, tare da yiwuwar ta saɓa. Amma maimaituwa ita ce sharaɗi, kuma warkewa sau ɗaya bayan sauye-sauye uku ba ta cika shi ba.

Abin da zai cika shi malaman usulu sun kira shi dawarani, wato hukunci ya samu idan siffa ta samu, ya gushe idan ta gushe, kamar ruwan inabi da yake halal, ya haramta da ya zama mai sa maye, ya sake halasta da ya rikiɗe ya zama khalli, wato ruwan tsami. A aikin gyara wannan na nufin a mayar da tsohon direba, ko a mayar da adaftar tsohon raminta, a ga ko matsalar za ta dawo, sannan a sake kawar da ita. Masu gyara kaɗan ne ke yin haka, kuma suna da uzuri, tun da mai kwamfuta ya biya ne don ta yi aiki, ba zai so ya ga an sake ɓata abin da ya gyaru ba. Sakamakon shi ne yawancin shawarwarin da ke yawo tsakanin masu sana'ar labarin abin da aka yi ne kafin matsala ta tafi, shi ya sa shawara guda takan yi aiki a wannan kwamfuta ta gaza a waccan.