Ran da Babu Mai Tashe Ka

Ya mai karatu, idan ka taɓa zama a Accra ko Kumasi, ko ka ratsa ta Lome ko Kwatano, mai yiwuwa ka gamu da su a hanya. Samari ne biyu cikin fararen taguwoyi, kowanne da wata baƙar alama mai ɗauke da sunansa a ƙirji, suna tafe tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Masu wa'azin ɗarikar da mutane suka fi sani da suna Mormon ne. Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar New York ta Amurka a shekarar 1830, cibiyarta kuwa tana birnin Salt Lake a jihar Yuta. Su kansu sun fi so a kira su Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, har shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi jama'a a 2018 su bar kiransu Mormon. Koyarwarsu ta rabu da ta sauran ikilisiyoyi a manyan wurare. Sun ƙara waɗansu littattafai a kan Littafi Mai Tsarki, ba su kuma yarda da Triniti yadda masu bi suka riƙe shi tun zamanin dā ba. Wannan bambanci babba ne, kada kowa ya rage maka shi. Amma yau ina so mu dubi yadda ake horar da waɗannan samari, domin horonsu yana ta da wata tambaya da ta shafe ka, ta shafi 'ya'yanka, ta shafi kowane ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki. Mutumin da yake aikata nagarta domin ana tsaye a kansa, nagartar tasa ce, ko ta mai tsaron ce?

Ga yadda abin yake farawa. Saurayi ya cika takardu, ya aika, ya zauna yana jira. Ba shi ne zai zaɓi inda za shi ba, shugabanni ne za su aiko masa da wasiƙa su faɗa masa ƙasar da harshen. Tun 2012 namiji yana iya tafiya yana da shekara 18, zai kuma yi shekara 2 cur, mace kuwa wata 18. Ba a biyansu albashi, galibi ma su da iyayensu ne suke tara kuɗin zamansu. Kafin a sake su cikin gari sai sun ratsa ta cibiyar horo. Mafi girma tana garin Provo a Yuta. Ta Afirka ta Yamma an buɗe ta a Tema ta ƙasar Gana a 2002, aka mai da ita Accra a 2017, kusa da haikalinsu. Wanda zai yi wa'azi da harshen da ya riga ya iya yakan yi 'yan makonni kaɗan, wanda zai koyi baƙon harshe kuwa yakan kai mako 6 zuwa 9.

Tun ranar farko ana ɗauke masa abubuwa biyu. Na fari sunan yanka. Daga yanzu Elda wane za a ce da shi, wato dattijo, ko da gemu bai gama tsiro masa ba. Mace kuma Sista. Na biyu kaɗaici. Ana ba shi abokin tafiya, doka kuma ta ce su riƙa zama inda za su ga juna su ji muryar juna, dare da rana, sai dai wajen wanka da kewayawa.

Yininsa kuwa a yanke yake kamar yadi a hannun tela. Bisa tsarin da suka daɗe a kai, ƙarfe 6:30 na safe a tashi, ƙarfe 10:30 na dare a kwanta, ko da yake daga 2017 an ba ƙasashe damar ɗan matsa lokutan bisa ga yanayinsu. Tsakanin nan akwai addu'a, motsa jiki, nazari na kansa, nazari tare da abokinsa, sa'an nan aji na sa'o'i masu yawa. Malami yakan zauna kamar baƙon da bai taɓa jin koyarwarsu ba, ɗaliban su gwada koya masa. Mai koyon harshe, tun bai iya haɗa kalma goma ba ake sa shi ya yi addu'a da sabon harshen. Babu zance da budurwa, babu talabijin, babu sinima. Rana ɗaya a mako ce ta wanki da rubuta wasiƙa. Kafin 2019, sau biyu kawai a shekara ake barin mai wa'azi ya buga wa gida waya, ran Kirsimeti da ranar tunawa da iyaye mata. Daga wannan shekara aka yarda ya kira kowane mako.

To, kafin ka girgiza kai ka ce wannan kurkuku ne, ɗan'uwana, tsaya ka auna kanka. Yaushe rabonka da ka ba Maganar Allah sa'a guda cikakkiya da safe, kwana bakwai a jere? Mu da muke cewa gaskiya tana hannunmu, sau nawa barci ya cinye addu'armu ta asuba? Yaron da ya saba tashi a kan lokaci, ya wanke tufafinsa da hannunsa, ya gai da wanda ya rufe masa ƙofa a fuska ba tare da ya rama ba, ya sami abu mai amfani, kowace irin koyarwa aka ɗora masa. Horo alheri ne. Manomin da ya ƙi yi wa lambunsa shinge domin wai shinge ba ya ba da 'ya'ya, awaki za su koya masa hankali.

Sai dai shinge yana tsare duk abin da aka shuka a ciki, albasa ko ƙaya. Mutum yana iya tashi ƙarfe 6:30 shekara biyu ba fashi, zuciyarsa kuwa tana nan yadda ya zo da ita. Yana iya kiyaye kowace doka domin tsoron kada a mai da shi gida da kunya, ko domin mahaifinsa da kakansa sun yi wannan tafiya, ko domin a ɗora shi bisa sauran. Daga waje ba za ka bambanta shi da wanda ƙauna take motsa shi ba, taguwarsu iri ɗaya ce. Ƙwazo kuma ba ya zama shaidar cewa abin da ake wa ƙwazon gaskiya ne. Manzo Bulus ya ba da labarin kansa a Filibiyawa sura 3, yadda ya kiyaye Shari'a ba abin zargi a lokacin da yake tsananta wa ikilisiya. A zamanin nan babu wanda ya fi shi horo, babu kuma wanda ya fi shi nisa da hanya.

Akwai wani hatsari kuma da yakan biyo horo irin wannan, wato ƙidaya. Zuciya ba ta aunuwa, saboda haka shugabanni a ko'ina sukan koma ga abin da yake aunuwa. Masu wa'azin nan sukan ba da rahoto kowane mako, mutum nawa suka samu, nawa suka zo sujada, nawa aka yi wa baftisma. A farkon shekarun 1960 a Ingila wannan ya kai su wani wuri marar kyau. An matsa wa samari lamba su kawo adadi, sai waɗansu suka riƙa tara yara da sunan koya musu wani wasan ƙwallo na Amurka, suna yi musu baftisma, yaran da yawa ba su ma gane abin da suka shiga ba. Daga baya sai da ɗarikar ta bi tana gyara littattafan sunayenta. Kada ka yi dariya. Ikilisiyoyinmu nawa ne suke auna mai bishara da yawan hannuwan da aka ɗaga a taron farkawa, ba mai komawa bayan wata shida ya ga su wa suka tsaya?

A ganina, wurin da girma na gaske ya fi yiwuwa cikin wannan horo duka shi ne wajen abokin tafiyar nan. Ka yi tunani a kai. Ɗan Lagos da ɗan Abidjan, ko ɗan ƙauyen Amurka da ɗan Kinshasa, an haɗa su ɗaki ɗaya ba da shawararsu ba. Wannan mai minshari ne, wancan mai surutu. Ɗaya yana son yaji, ɗayan ko ƙanshinsa ba ya so. Ɗaya ya kama harshen cikin sauri, ɗayan kullum yana tuntuɓe a gaban malami, kunya kuma tana cinsa. Jadawali bai faɗi abin da za ka yi da haushin da ya taso maka sa'ad da abokinka ya gyara maka kalma a gaban mutane ba. Doka ta ce ku zauna tare, amma tana iya cika sarai alhali kun yini ba wanda ya ce da wani uffan. Suna da al'ada, sau ɗaya a mako su biyun su zauna, kowa ya faɗi abin kirkin da ya gani wurin ɗan'uwansa, ya kuma faɗi abin da yake damunsa. A nan ne ake gane wanda ya iya cewa "na yi laifi" da wanda sai dai ya kare kansa. Bayan sun fita filin aiki, kowane mako 6 ana iya sauya musu wuri ko aboki, sai a sake sabon lale da wani baƙon hali.

Wannan makaranta ba ta Mormon kaɗai ba ce. Ubangiji Yesu ma biyu biyu ya aiki almajiransa. Bulus da Barnaba, manya cikin bangaskiya, sun yi saɓani mai zafi a kan Yahaya Markus har suka rabu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna, ko da yake daga baya Bulus ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi. Kai ma kana da naka abokin tafiya da ba ka iya kuɓuce masa. Wataƙila matarka ce, ko surukarka, ko maƙwabcin da kwatarsa take bi ta ƙofar gidanka, ko dattijon ikilisiya da ba ya ganin kirkinka. Kana iya yin azumi kwana uku ba wanda ya san ko ka ƙaru ko ba ka ƙaru ba. Amma wanda yake kwana ɗaki ɗaya da kai ya sani.

Ka karanta labarin sarki Yowash a 2 Tarihi sura 24. Yana da shekara 7 ya hau gadon sarauta, firist Yehoyada ne kuma ya rene shi. Muddin tsohon yana da rai, Yowash ya yi abin da yake daidai, har shi ne ya tsaya aka gyara Haikali, ya ma tuhumi Yehoyada a kan jinkirin Lawiyawa wajen tara kuɗin gyaran. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ce ga sarki mai tsoron Allah. Da Yehoyada ya rasu, sai manyan Yahuza suka zo suka rusuna masa, ya saurare su, aka koma ga gumaka. Zakariya ɗan Yehoyada ya tsaya ya faɗa masa gaskiya, sarki ya sa aka jajjefe shi a farfajiyar Haikalin nan da shi ya gyara. Shekarun nan duka, tsoron Allah na Yehoyada ne, Yowash aronsa ya yi. Abin da ya fi ban tsoro kuwa, ba na zaton shi kansa ya san aro ne sai ranar da mai kaya ya tafi da kayansa.

Saboda haka idan kai uba ne ko malami, kada ka sassauta horo, amma ka riƙa barin wata 'yar ƙofa inda yaron zai zaɓa da kansa, ko da zai yi kuskure tun kana kusa ka ɗaga shi. Idan kuwa kai ne ake horarwa, a makarantar kwana ko ta Littafi Mai Tsarki, ka nemi abu guda da ba wanda ya umarce ka, ba kuma wanda zai gani, ka riƙa yinsa a gaban Ubangiji kaɗai. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka wanne ne naka cikin halayen da ake yabonka da su.

Shi kuwa saurayin nan, shekara biyunsa za su cika. Zai sauka daga jirgi ko mota, 'yan'uwa su rungume shi, ya je gaban shugaban yankinsu a sallame shi daga aikin. A ranar zai cire baƙar alamar daga ƙirjinsa, a koma kiransa da sunan da uwarsa take kiransa. Zai shiga ɗaki shi kaɗai, karo na fari cikin wata 24. Washegari ƙarfe 6:30 za ta yi, babu abokin tafiya a gadon gefe, babu rahoton da zai aika wa kowa, wayarsa kuma tana kusa da matashin kai.